Yadda Nake Koyar da Harshen Indonesiya da Waƙoƙin Yara a Nima

Ranar Asabar bayan sallar La'asar nake buɗe aji, a wani ɗaki na makarantar Islamiyya da aka ba mu aro a cikin Nima, unguwa a birnin Accra na Ghana. Benci shida ne, da allo, da fanka guda da take juyawa idan an kawo wuta. Ɗalibaina goma sha huɗu. Ƙaraminsu shekararsa 11, babbarsu kuwa Hajiya ce mai jikoki, tana sayar da mayafai da dogayen riguna a kasuwa. Burinta ta je Tanah Abang, babbar kasuwar tufafi ta Jakarta, ta yi ciniki da bakinta ba tare da tafinta ya tsaya tsakaninta da mai kaya ba. Akwai samari uku da suke neman gurbin karatu a can. Akwai kuma wani Alhaji wanda ya yi maƙwabtaka da mahajjatan Indonesiya a Mina, suka yi kwanaki suna ba shi abinci yana ba su, amma ban da sallama da murmushi ba abin da ya iya shiga tsakaninsu. Abin ya tsaya masa a rai har ya dawo gida.

Ni a Yogyakarta na koyi harshen, shekara guda, a ƙarƙashin Darmasiswa, shirin da gwamnatin Indonesiya take ɗaukar nauyin baƙi su zo su koyi harshenta da al'adunta. A jami'a an koya mana nahawu sosai. Amma gidan da na yi haya yana jikin wata makarantar ƙananan yara, kuma kullum da safe sai sun rera waƙoƙi kafin su shiga aji. Da na dawo Accra na yi shekaru ba ni da abokin hira, kalmomin littafi suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya, amma waƙoƙin nan da ban taɓa zama na haddace ba suna nan daram. Shi ya sa da aka roƙe ni in buɗe aji, da su na fara. Abin da zan faɗa a nan shi ne yadda nake yi yanzu, bayan na gyara kurakuran da na yi da farko.

Zaɓen waƙa shi ne rabin aikin. Indonesiya tana da tarin waƙoƙin yara da malaman makaranta suka tsara da gangan domin koyarwa, irin su Ibu Sud da Pak Kasur da A.T. Mahmud, kuma kusan duk ɗan ƙasar da ka tara, daga Sumatra har Papua, ya san su tun yana ƙarami. Wannan yana da dalili. Ƙasar tana da harsuna fiye da 700, kuma tun a 1928 matasanta suka yi alkawarin riƙe harshe guda na haɗin kai, aka kuma sa shi a tsarin mulki bayan shelar 'yanci a 1945. Yaro da yawa Javananci ko Sundananci yake ji a gida, sai a makaranta yake haɗuwa da harshen ƙasa sosai. Ke nan waƙoƙin tun asali an yi su ne da kalmomi masu sauƙi, da tsayayyen harshe irin na makaranta. Abin da ɗalibinmu na Zongo yake buƙata ke nan.

Ina duba abu uku kafin in kawo waƙa aji. Kada ta wuce ɗango takwas. Ta kasance tana magana a kan abin da za a iya nunawa da yatsa a cikin ɗakin, ko a zana a allo cikin minti guda. Sannan ta ƙunshi darasi guda da nake so, ba biyar ba. Makon farko kullum da "Dua Mata Saya" nake farawa, waƙar da yaro yake ƙirga idanunsa da hancinsa da kunnuwansa da bakinsa, domin kowa ya zo aji da kayan aikinsa a jikinsa. Launuka da ƙirge ina ɗauko su daga "Balonku", labarin balan-balan biyar da ɗaya ta fashe saura huɗu. Sunayen dangi suna cikin waƙar da yaro yake lissafa waɗanda yake ƙauna, uwa da uba da ƙanne da yayye. Aikatau na safiya, tashi da wanka da goge haƙora, suna cikin "Bangun Tidur". Waƙoƙin gargajiya na yankuna kuwa, duk daɗinsu, ina ajiye su gefe, domin da yawa ba da harshen ƙasa aka yi su ba. Malamin da bai lura ba sai ya koya wa mutane Javananci yana zaton Indonesiyanci yake koyarwa. Haka kuma ina guje wa waƙoƙin da aka fassaro daga Turanci, saboda an matse kalmomin ne don su shiga karin da ba nasu ba.

Kayan aiki ba su da yawa. Ka sauke waƙar daga YouTube a wayarka tun daga gida, kada ka dogara da intanet a cikin aji. Ka zaɓi wadda muryar yaro ɗaya ko ta malama take fita tar, domin wasu an cika su da kiɗan kwamfuta har kalma ba ta fita. Ka tanadi ƙaramar sifika mai caji. Ka kuma iya waƙar da bakinka, domin ranar da cajin ya ƙare kai ne sifikar.

Yanzu ga abin da na fi ba muhimmanci: kada ka ba su rubutun waƙar a ranar farko. Kunne ya riga ido. A zangona na farko na buga waƙoƙin a takarda na raba, da fassara a gefe, ina ganin na kyauta. Abin da ya biyo baya shi ne kowa ya karanta da bakin Hausa ko na Turanci, kuma furucin da ya shiga a ranar farko ya ƙi fita har ƙarshen zango. Matsalar tana wurin harafin e. A rubutun Indonesiya harafi ɗaya ne, amma a baki sauti biyu ne. A cikin merah, wato ja, da meja, wato tebur, ana furta shi a buɗe kamar yadda muke yi a Hausa. A cikin empat, huɗu, da enam, shida, da besar, babba, da telinga, kunne, wani gajeren sauti ne da yake kusan ɓacewa, har besar ta yi kama da "bsar". Rubutu ba ya nuna maka wanne ne wanne. Wanda ya fara ji kafin ya gani ba ya ma sanin akwai matsala.

Don haka ga yadda minti ashirin na farko suke tafiya. Ina kunna waƙar sau biyu, ba wanda zai yi magana, ni kuma ina nuna abin da ake ambata: ido, hanci, kunne, baki. A karo na uku su ma su nuna tare da ni, har yanzu baki a rufe. A na huɗu na kashe sifika, in faɗi ɗango guda da magana, a hankali, su maimaita, kamar dai yadda ake biya allo. Mutanenmu sun saba da wannan tun suna yara, ba sai an yi musu bayani ba. Sai an bi ɗangogin duka da magana sannan mu ɗora kari. Rubutu sai mako na biyu, kuma su ne za su fara gwada rubutawa daga abin da kunnensu ya riƙe, sannan in gyara a allo.

A nan Bahaushe yana da sa'ar da Bature ba shi da ita. Harafin c a Indonesiyanci daidai yake da namu na ciki da cokali. Tun gyaran rubutu na 1972 aka daina rubuta shi tj, aka mayar da dj ya zama j. Harafin r ana kaɗa shi da harshe, abin da ba ya ba mu wuya. Ba karin sauti irin namu, inda hawa da saukar murya suke canza ma'ana. Sautin ny na nyamuk, wato sauro, duk wanda ya tashi a Accra ko Kumasi yana jin Twi ya riga ya mallake shi.

Inda muke tuntuɓe wuri uku ne, kuma waƙar tsaka, "Cicak-cicak di Dinding", ta tara biyu daga ciki. Na farko baƙin ƙarshen kalma. Bakin Hausa yana son rufe kalma da wasali, sai ka ji an ce "cicaki", "empati". A wurinsu k na ƙarshe ba a sakinsa, ana datse numfashi ne a maƙogwaro, irin datsewar da ke tsakiyar sa'a ko jama'a. Da na faɗa wa Alhaji cewa ya ɗauke shi kamar hamza mai sukun, nan take ya kama, har ya riƙa gyara wa samari. Na biyu shi ne ng. A ƙarshen kalma, kamar dinding, bango, ba wuya, don muna yin irinsa a ƙarshen nan da can. A tsakiya ne ake fama: bangun da telinga ba a jin g a cikinsu ko kaɗan, sai an rubuta ngg, kamar a tinggi, sannan g yake fita. Ina sa su ja "nnn" ta hanci su riƙe, sannan su saki wasalin a hankali. Na uku shi ne p da f, tsohuwar matsalarmu. Ina ba kowa guntun takarda ya riƙe a gaban leɓe, ya rufe leɓɓan ruf kafin ya ce pagi, pintu, pasar. Ina kuma haɗa musu kepala da kelapa, kai da kwakwa, su yi ta juyawa har harshe ya daina harɗewa. Akwai kuma h na ƙarshe da ba a yar da shi: muda yaro ne ɗanye, mudah abu ne mai sauƙi.

Ranar da na fara kunna waƙar gaɓoɓin jiki, ban kai ƙarshen ɗangon farko ba aji ya kaure da dariya. Mata a harshensu ido ne, dua kuma biyu. Hajiya ta dafa benci ta ce, "Malam, wannan yaron tun yanzu har ya ajiye biyu?" Na bar su suka yi dariyarsu ta ishe su, kuma daga ranar ba wanda ya sake manta kalmar ido. Tun daga nan nake neman irin waɗannan kalmomi da gangan. Nama a wurinsu suna ne, saya kuma ni, don haka mai gabatar da kansa da "nama saya" kunnen Bahaushe cefane yake ji. Kuda doki ne. Buta makaho ne. Aku, da muka sani tsuntsu mai kwaikwayon magana, a can wata hanyar cewa ni ce. Kada ka hana dariyar nan, ƙugiya ce da kalma take maƙalewa a jiki.

Amma akwai guda biyu da ba abin dariya ba ne, sai ka tsaya a kansu sosai, kuma "Balonku" ce take fito da ta farko. Ɗafa-ƙeyar -ku a Indonesiyanci tana nufin nawa. A Hausa kuwa gidanku na wasu ne. Haka -mu a wurinsu naka ne, a wurinmu namu ne. Ke nan rumahku gidana ne, rumahmu gidanka ne, kuma ƙwaƙwalwar Bahaushe tana juya su ba tare da ya sani ba. Wani saurayi a ajina ya yi mako uku yana fassara bukumu da littafinmu, kuma yaro ne mai kaifin basira. Maganin da na samu shi ne hannu. Duk lokacin da aka ce -ku kowa ya bugi ƙirjinsa, duk lokacin da aka ce -mu ya nuna na kusa da shi, in aka ce -nya, wato nasa ko nata, ya nuna bayan ɗaki. Mukan zagaya aji da hula, da biro, da carbi: topiku, topimu, topinya. Minti biyar a kowane zama, har tsawon wata guda. Bayani a allo bai yi abin da bugun ƙirjin nan ya yi ba.

Idan waƙa ta zauna a baki, sai a wargaza ta. Wannan ne matakin da na tsallake a zangon farko, kuma na ga sakamakonsa. Wata rana wani ɗan Indonesiya da yake aiki a nan Accra ya amsa gayyatata ya leƙo ajin. Ɗalibai suka rera masa waƙa uku ba tuntuɓe, ya yi ta tafi. Sai ya juya ga wata yarinya ya tambaye ta da murmushi, "Mana hidung?", wato ina hanci. Ta tsaya tana kallona. Kalmar tana bakinta, yanzu ta gama rera ta, amma a ɗaure take cikin kari, sai ta faro waƙar daga farko a zuci kafin ta iso wurinta. Na koma gida a daren nan raina ba daɗi, domin laifin ba nata ba ne. Na koya musu rerawa, ban koya musu magana ba.

Yanzu kowace waƙa tana bin hanya uku kafin in ce mun gama da ita. Da farko ina tambaya ba bisa jerin waƙar ba: mana telinga, mana mulut, mana mata, da sauri, ina tsallake-tsallake. Daga nan sai musanya. Ƙashin jimlar yana nan, kalma guda ake cirewa a sa wata. Waƙar hawan dutse da ta hawan keken doki duk suna koyar da naik, hawa, da ke, zuwa. To ba delman, wato keken dokin, a Nima, amma akwai trotro, motar haya. Sai kowa ya faɗi tasa: saya naik trotro ke Madina, saya naik motor ke Maamobi, saya naik bus ke Kumasi. Hajiya ta ce saya naik pesawat ke Jakarta, wato a jirgin sama, aji duka suka ce amin. Daga waƙar tsaka kuma muna ɗauko di, wato a wuri kaza, mu jera ta da ke da dari: di pasar, ke pasar, dari pasar, a kasuwa, zuwa kasuwa, daga kasuwa. Na ƙarshe shi ne hira ta mutum biyu, ba kari ba tafi, ɗaya ya yi tambaya ɗaya ya amsa da abin da yake gaskiya a rayuwarsa. Yayye nawa gare ka, ƙanne nawa. A nan nakan nuna musu cewa kakak daidai yake da yaya a bakinmu, mace ko namiji, adik kuma ya haɗa ƙane da ƙanwa. Dia ma haka, shi da ita duka. Masu jin Twi ba sa mamakin wannan.

Nahawu ba na kawo shi sai ɗalibi ya yi tuntuɓe da shi ya tambaya. Wani zai ce, Malam, me ya sa aka faɗi cicak sau biyu? Sai in ce, kai me ya sa kake cewa iri-iri, kala-kala, sannu-sannu? Su ma anak yaro ne, anak-anak yara, pelan-pelan kuwa sannu-sannu ce tsaf. Wani zai lura cewa aikatau ba ya canzawa ko jiya ko gobe, sai in ba shi sudah, sedang, akan da belum: an riga, ana ciki, za a yi, ba a yi ba tukuna. Ɗafa-goshi irin me- da ber- ina barin su su taru a kunne tsawon wata biyu kafin in zana musu tsari a allo. In ka fara da su a makon farko, rabin aji ba zai dawo ba.

Waƙa tana kuma koyar da abin da ba daidai ba, wajibi ne malami ya san wannan. Yaro a waƙa aku yake cewa, kuma kamu yake kiran abokinsa. Baligin da ya sauka a filin jirgin Soekarno-Hatta ya ce wa jami'i ko dattijo kamu ya yi rashin ladabi, kamar yaron da ya kira sa'an ubansa da gatsal. Tun makon farko nake gaya musu: a waƙa aku, a gaban manya saya. Namiji babba Bapak ko Pak, mace Ibu ko Bu, kamar yadda ba za ka wuce dattijuwa a lungu ba ka ce mata Mma ko Hajiya ba. Wannan darasi bai taɓa ba ɗalibaina wuya ba, tarbiyyar gida ce aka sauya wa harshe. Sai kuma jan wasali. Mawaƙi yana jan gaɓa don ta cika kari, mu kuma a Hausa dogon wasali da gajere suna bambanta kalma, sai kunnenmu ya ɗauka jan nan na cikin kalmar ne. Shi ya sa duk ɗangon da aka rera, sai an sake faɗinsa da magana, da saurin hira. Bambancin kami da kita ma waƙa ba ta fayyace shi. Mu kalma ɗaya gare mu, mu. Su kuwa kami ban da wanda ake gaya wa, kita har da shi. Nakan raba aji biyu, ɓangare guda ya ce wa ɗayan kami dari Nima, sannan duka mu haɗa baki mu ce kita dari Ghana.

Batun manya. Dattijo mai iyali ba ya son a tsayar da shi yana taɓa hanci a gaban yaran unguwa, kuma yana da gaskiya. Ban taɓa tilasta wa Alhaji ya miƙe ba. Na ba shi aikin alƙali: yana zaune da takarda, duk wanda ya nuna kunne a wurin hanci ya rubuta shi. Kafin ya kama kuskuren wani dole shi ya san daidai, kuma a mako na uku na hango leɓɓansa suna motsi tare da yara. Na kuma gaya musu tun farko dalilin da ya sa muke haka, cewa waɗannan waƙoƙi su ne abin da duk ɗan Indonesiya ya taso da shi, kuma ranar da ka ɗauko ɗango guda a gaban mai shago a Jakarta za ka ga fuskarsa ta sake. Wani uba kuma ya same ni bayan sallah ya ce, "Malam, na ji ana kiɗa a ɗakin karatu." Ban yi musu da shi ba. Na gayyace shi ya zauna zama guda, na fassara masa abin da ake faɗa, ƙaunar uwa da uba da taimakon uwa da aikin gida. Muka daidaita a kan cewa a cikin makarantar da murya da tafi kawai za mu yi, mai son jin na sifika ya ji a gida. Ajin bai rasa komai ba, furuci ma ya fi fita.

Wani lokaci ba ka samun waƙar da ta dace da abin da kake so, sai ka ƙirƙira. Kwanakin mako su ne mafi sauƙin darasi ga Bahaushe, domin daga Larabci muka ɗebo mu da su: Senin Litinin, Selasa Talata, Rabu Laraba, Kamis Alhamis, Jumat Juma'a, Sabtu Asabar. Lahadi ce kawai suka fi kira Minggu, kalmar da ta zo musu daga Fotugis, ko da yake Ahad ma tana nan a bakin malamai. Na tsara 'yan ɗangogi, 'yan matan aji suka ɗora su a kan tafin ampe, wasan tsalle da tafi na 'yan mata:

Senin saya ke pasar,
Selasa saya belajar,
Rabu ramai di Nima,
Kamis pulang ke rumah.

Duk wanda ya san yadda Nima take cika ranar Laraba ba ya buƙatar a fassara masa ramai. In za ka yi irin wannan, ka tura wa ɗan ƙasar ya duba maka kafin ka koyar, domin kuskuren da aka sa wa kari ya fi kowane wuyar gogewa. Daga kwanakin nan nake buɗe musu ƙofar sauran kalmomin da muka yi tarayya: dunia, ilmu, zaman, niat, sedekah, doa, rezeki, sabun, kabar. Nakan rubuta su in yi shiru, su da kansu suke gano duniya da ilimi da zamani da niyya da sadaka da addu'a da arziki da sabulu da labari. A irin ranar ne nake ɗan ba su tarihi, cewa tsakaninmu da mutanen nan ba yau aka fara ba. Daga 1831 zuwa 1872 Holan ta ɗebi sojoji kimanin 3,000 ta Elmina, a gaɓar tekun Ghana, ta kai su tsibiran Indonesiya, waɗanda suka dawo suka zauna a unguwar da har yau ake kira Java Hill. A 1955 kuma, shekara biyu kafin 'yancin Ghana, wakilanmu suna cikin ƙasashe 29 da suka hallara a taron Bandung. Yara sun fi gane zumuncin idan na ce musu Indomie da suke ci da dare daga can ta samo asali.

Zama guda a mako ba ya isa, don haka muna da zaure a WhatsApp. Ranar Lahadi ina tura waƙar da muryata, sau ɗaya da kari, sau ɗaya da magana a hankali. Kafin Laraba kowa ya turo nasa saƙon murya, jimla uku da ya gina da kansa daga ƙashin waƙar. Ba na gyara wa babba a cikin zaure, ta bayan fage nake bin sa. Waƙa guda tana ɗaukar mako biyu, wani lokaci uku, kuma a zango na wata uku ba na wuce biyar. Jarrabawata ba rerawa a ciki: ina ajiye kaya a tebur, hula ja, biro shuɗi, kofi biyu, in yi tambaya, ɗalibi ya amsa.

Ƙirgen waƙoƙin yara ba ya nisa, ita kuwa Hajiya da rupiah za ta yi ciniki, inda kuɗin mayafi ɗaya yake kai dubbai. Don haka ita da masu niyyar kasuwa nake tsayar da su minti goma sha biyar bayan an tashi, kafin a kira Magariba. Belas shi ne sha namu, puluh gomiya, ratus ɗari, ribu dubu, juta miliyan. Ina zama mai shago, ta ɗauki mayafi daga jakarta ta ce berapa harganya, Pak, wato nawa ne, in ce seratus lima puluh ribu, dubu ɗari da hamsin. Makon jiya ta dube ni, ta ajiye mayafin a kan benci, ta ce mahal sekali, ya yi tsada ƙwarai, ta juya kamar za ta fita. Na kira ta na rage dubu ashirin. Ta ƙirga a yatsu, leɓɓanta suna bin karin waƙar balan-balan har ta iso tiga, sannan ta ɗago ta ce seratus tiga puluh ribu, boleh, wato dubu ɗari da talatin, ta yarda.